Ƙyallin Kurom a Ƙananan Motocin Kwaikwayo: Nazari a kan Fenti da Haske

Masu haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda AMT da Revell da Tamiya ke fitarwa a ma'aunin 1/24 ko 1/25, sun daɗe da shawo kan fentin jikin mota. Ja ne ko shuɗi, in an yi haƙuri zai fito. Inda gizo ke saƙar shi ne kurom: bamba, da ragar gaba, da siririn ƙarfen da ya zagaye gilashi. Wanda ya ɗauko Chevrolet Bel Air ta 1957 ko Cadillac ta 1959, motocin da Amurkawa suka lafta wa ƙarfe mai walƙiya gaba da baya, rabin aikinsa a nan yake.

Tushen wahalar shi ne kurom kusan ba shi da launin kansa, madubi ne. Abin da ido ke gani a bamba shi ne sama da ƙasa da duk abin da ke kusa, sun lanƙwashe bisa siffar ƙarfen. Kafin abu ya zama madubi kuwa, sai gargadar fuskarsa ta yi ƙasa da tsawon zangon haske, wanda ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700. An rage motar sau 24, amma ba wanda ya rage haske, ko ƙura, ko ƙwayoyin fenti. Ƙurar da ba ta wuce milimita 0.1 ba, in ta maƙale a bamba, daidai take da tsakuwa mai milimita 2.4 a motar gaske. Ƙarfen gilashi mai faɗin santimita ɗaya kuma yana komawa kusan milimita 0.4. Shi ya sa fentin azurfa na yau da kullum, irin X-11 na Tamiya, ba ya biyan buƙata. Ɓarɓashin ƙarfen da ke cikinsa yana kwanciya barkatai, kowane ya jefa haske inda ya ga dama, sai a sami toka-toka mai ɗan sheƙi.

To, ai kamfanonin kan zuba sassa masu walƙiya a cikin kwalin, me ya sa gwanaye ke kankare su? Domin abin da ke kansu ba kurom ba ne. Alminiyom ne da aka mayar tururi a ɗakin da aka zuƙe wa iska, ya sauka a kan robar da aka riga aka shafe da fenti mai santsi. Alminiyom yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, kurom na gaske kuwa, wanda ake ɗorawa a kan nikel da wutar lantarki, bai wuce kusan kashi biyu bisa uku ba, kuma yana da ɗan duhu mai shuɗi-shuɗi. Wannan bambancin ne ke sa motar ta yi kama da abin wasan yara. Ga kuma shafin ƙasa mai kauri da ke cike ƙananan zane, ga layin haɗin mazubi da aka rufe da ƙyalli ba a goge ba, ga tabon da ke saura inda aka yanko sashen. Sai a jiƙa shi a ruwan bilic ko maganin wanke tanda, alminiyom ɗin ya narke, a goge da samfefa mai laushi, a sake sabon lale.

Hanyar da ta fi kafuwa ita ce ta fentin ƙarfe na Alclad II. Ana fara fesa baƙin fenti mai tsananin sheƙi, a bar shi ya bushe sarai, sannan a hura ƙarfen sama-sama da ƙaramar bindigar feshi, iska kaɗan. Baƙin nan yana aiki biyu: yana ba ɓarɓashin shimfiɗa mai santsi, kuma yana leƙowa ta tsakaninsu ya ba da zurfin da alminiyom tsantsa ya rasa. Mai zumuɗi kan ƙara feshi don ya ƙara haske, sai baƙin ya ɓace, madubin ya koma azurfa. A ganina duk gwanintar tana wajen sanin lokacin ɗaga hannu.

Alƙalamin Liquid Chrome na Molotow, kamfanin Jamus da ya yi suna wajen kayan masu zanen bango, akasin haka yake so. Sai an zuba shi jiƙe sharkaf ƙwayoyinsa ke tasowa su daidaita. Yana da kyau ga hannun ƙofa da madubin gefe, amma ba ya son yatsa ko bayan kwanaki. Ga ƙarfen gilashi kuwa, har yanzu ba a kada Bare-Metal Foil ba, wato siririyar takardar alminiyom mai gam a baya. A ɗora ta, a murza da auduga har zanen ƙasa ya bayyana, a bi gefe da sabuwar reza ba tare da dannawa ba.

Rufe kurom da fentin kariya kan kashe shi, domin sinadarin yana motsa ƙwayoyin da suka kwanta. Wanda ake haɗawa da ruwa ɓarnarsa ta fi sauƙi, amma shi ma yana rage wani abu, don haka da yawa kan bar sashen haka nan, su sa safar hannu wajen mannawa.

Ko an sami madubin, da sauran aiki. Ragar gaba tana buƙatar tsinkakken baƙin fenti ya gangara cikin ramukanta, in ba haka ba ba za a ga rami ba. Salansar babur a ma'aunin 1/12 tana son alamar zafi: shuɗi kusa da inji, sannan shunayya, sannan ruwan zuma, da fenti mai bayyana abin da ke ƙasa kamar X-26 da X-23. Masu fentin ƙananan mutum-mutumi ma sukan bar fentin ƙarfe gaba ɗaya, su zana abin da madubin zai nuna: shuɗin sama yana dusashewa zuwa fari, baƙin layi a tsakiya, ruwan ƙasa daga ƙasa. A hoto dabarar tana ruɗar ido ƙwarai, amma a kan mota da za a ɗauka a juya ba ta cika tasiri ba, domin zanannen hasken ba ya motsi tare da mai kallo.