Ɗan Peru da Ya Ja Zaren DNA

Kafin shekarun 1990, masanin da ke son sanin halin DNA sai dai ya zuba biliyoyin zarensa cikin kwalba ya auna su a dunƙule. Yadda zare guda yake lanƙwasa, da iya jan da zai jure, ba wanda ya taɓa aunawa kai tsaye. Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, domin DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ta ɗan Adam ya kai kusan mita 2 in an miƙe shi, kuma kullum cikin naɗe shi da warware shi ake.

Carlos Bustamante, wanda aka haifa a birnin Lima na Peru a 1951, ya yi digirin digirgir a Berkeley ta Amurka. A 1992, yana Jami'ar Oregon, shi da Steven Smith da Laura Finzi suka liƙa bakin zare guda a jikin gilashi, ɗaya bakin suka ɗaura masa ɗan mitsitsin dutsen ado mai bin maganaɗisu, suka ja. Dabarar ta yi kama da wasan yara, amma daga nan DNA ya zama abin da ake aunawa da lissafin masana fiziya.

A 1996 Bustamante da abokan aikinsa suka koma ga matsefatar haske, hasken leza da ke riƙe ƙananan abubuwa, wanda Arthur Ashkin ya ƙirƙiro. Da jan ya kai wajen pikonyutan 65 (pikonyutan ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na nyutan, ma'aunin ƙarfi), zaren bai tsinke ba, sai ya miƙe farat ɗaya zuwa ninki 1.7 na tsawonsa. Wasu masana a Faransa ma sun ga haka a shekarar.

Ni dai aikin 2001 ya fi burge ni, bayan komawar Bustamante Berkeley. Ƙwayar cutar bairus mai suna phi29 tana da ɗan inji da ke cusa DNA cikin ƙoƙonta. Bustamante da abokan aikinsa suka kama wutsiyar zaren suna ja, injin yana ja, bai sare ba sai da ƙarfin ya kai kusan pikonyutan 57. Suka ƙiyasta cewa matsin da ke taruwa cikin ƙoƙon ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 20, suka kuma ba da shawarar cewa da wannan matsin bairus ɗin ke fara tura DNA ɗinsa cikin bakteriyar da ya kama.