Taku Dubu Goma: Yadda Sunan Haja Ya Zama Ma'aunin Lafiya

Wanda ya ɗaura agogon zamani a hannu, ko ya buɗe manhajar motsa jiki a wayarsa, sau da yawa yakan tarar an ɗora masa bashin da bai ci ba: taku 10,000 a kullum. In ya cika, agogon ya girgiza, ya yi masa barka. In ya gaza, ya kwanta yana jin kamar ya ci amanar jikinsa. Da yawa sun ɗauka likitoci ne suka zauna suka yanke wannan adadi bayan dogon bincike. Alhali kuwa daga kasuwa ya fito, a Japan, shekara sittin da suka wuce.

Ƙirga taku daɗaɗɗen abu ne, sai dai a da hanya ake aunawa da shi. Rundunar Alekzanda na Masedoniya tana tafe da mutanen da aikinsu shi ne lissafa taku tsakanin gari da gari. Kalmar "mil" da muke faɗa ma ta samo asali ne daga lafazin Rumawa mai nufin taku dubu, inda suke ƙirga hagu da dama a matsayin ɗaya. A Japan, wani dattijo mai suna Ino Tadataka ya fita a 1800, yana da shekara 55, ya fara auna gaɓar tekun ƙasarsa da tafiyar ƙafa domin zana taswira. Ya rasu a 1818, almajiransa suka kammala aikin a 1821.

Na'ura ta biyo baya a hankali. Leonardo da Vinci ya zana siffar wata a cikin takardunsa, maƙeran agogo na Turai kuma suka ƙera ta a ƙarni na 18. Dabararta mai sauƙi ce: ɗan ƙarfe mai nauyi a rataye a ciki, duk sanda ƙugu ya motsa sai ya lilo ya tura haƙorin lissafi gaba. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi amfani da irinta lokacin da yake zaune a Faransa. Har zuwa wannan lokaci kayan masu auna ƙasa ne da masu sha'awar sabon abu.

Lamarin ya juya ne bayan 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik. Japan ta farfaɗo daga ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu, tattalin arzikinta yana haɓaka da sauri. A watan Oktoban shekarar aka buɗe jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka. Motoci sun yawaita, talabijin ta shiga gidaje, aikin ofis ya ƙaru, mutane suka koma zama. Ga kuma gasar ta sa kowa yana zancen motsa jiki. Cikin wannan yanayi, a 1965, kamfanin Yamasa mai ƙera agogo da kayan awo ya fito da 'yar na'urar da ake maƙalawa a ƙugu, ya raɗa mata suna Manpo-kei. "Man" dubu goma ke nan, "po" taku, "kei" kuma ma'auni.

Me ya sa dubu goma? Japanawa suna da kalma guda ta wannan adadi, da ita suke gina manyan lissafi, kuma takan ɗauki ma'anar yalwa da cika. Ihun "banzai" da suke yi wajen murna, fassararsa shekara dubu goma. Akwai kuma masu cewa harafin da ake rubuta "man" da shi ya yi kama da mutum yana tafiya. Suna ne mai daɗin faɗi, mai sauƙin riƙewa, kuma tazarar da yake nufi, wajen kilomita bakwai zuwa takwas, ta fi abin da ma'aikacin ofis ke yi ba tare da ta gagare shi ba. Ƙungiyoyin masu tattaki suka karɓe shi, masana irin su Dakta Yoshiro Hatano suka ƙara yayata shi, har ya tsallaka teku.

Abin da ya kafa shi a duniya shi ne shigarsa cikin manhaja. An kafa kamfanin Fitbit a San Francisco a 2007, ya fitar da na'urarsa ta farko a 2009, ya kuma sa 10,000 a matsayin burin da mai saye zai tarar. Mu masu rubuta manhaja mun san ƙarfin wannan. Duk inda ake buƙatar adadi, dole ka cike gurbin da wani abu kafin mai amfani ya zaɓi nasa, kuma galibin mutane ba sa komawa su canja. Abin da aka tarar shi ake ɗauka ƙa'ida. Da wayoyi suka fara ƙirga taku da kansu, kuma agoguna masu araha suka cika kasuwa, adadin ya isa aljihun wanda bai taɓa jin sunan Yamasa ba.

Ya kamata a san yadda ƙirgar take. An daina rataya ɗan ƙarfe. Yanzu wani ƙanƙanin sashe ne ke auna motsi ta fuska uku, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, manhaja kuma ta nemi bugun da ke maimaita kansa irin na tafiya. Ke nan na'urar ba ta ganin ƙafarka, kintace take yi. Mace mai daka da agogo a hannu za ta iya tara taku masu yawa tana tsaye a gindin turmi. Wanda ya hau babur a hanya mai gargada yakan samu kyauta. Mai ga-ruwa kuwa, da ya wuni yana tura kura hannuwansa a kafe, agogon zai iya tauye masa haƙƙi. Noma, wanki da jan ruwa a rijiya duk aiki ne mai sa gumi, amma ba da su aka tsara lissafin ba.

An daɗe kafin a gwada adadin da gaske. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa bincike a kan mata 16,741, matsakaicin shekarunsu 72. An ɗaura musu na'ura na mako guda, aka bibiye su sama da shekara huɗu. Masu taku kusan 4,400 a rana, yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da na masu 2,700 da kashi 41 cikin 100. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. A 2022 wani nazari da ya haɗa bincike 15, na mutum fiye da 47,000, ya nuna cewa ga 'yan shekara 60 zuwa sama amfanin yakan daidaita tsakanin 6,000 da 8,000, ga na ƙasa da haka kuma tsakanin 8,000 da 10,000. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, domin mai lafiya dama ya fi iya tafiya. Duk da haka darasinsa a fili yake: babbar ribar tana ga wanda ke zaune ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da lokaci take ba da shawara, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga babba.

Akwai kuma wanda ke amfana da ƙirgar bayan kai. A 2021 Google ya kammala sayen Fitbit a kan dala biliyan 2.1, bayan Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗin kada ya yi amfani da bayanan lafiyar mutanenta wajen talla har tsawon shekara goma. Tunda har sai da aka kafa sharaɗi, ka san takunka, bugun zuciyarka da barcinka haja ne masu daraja.

Yamasa ba su yi ƙarya ba, tafiya magani ce, kuma mai iya 10,000 ya ci gaba. Matsalar tana ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ko mai hawan jini, wadda 'ya'yanta suka saya wa agogo, ta yi 4,000 da ƙyar, na'urar ta nuna mata ko rabi ba ta kai ba, ta karaya ta ajiye. A ma'aunin binciken Lee, ta riga ta yi abin kirki. In kai ka saya mata, karɓi wayar ka shiga wurin saiti. Duba abin da take yi a mako guda, ka ɗora ɗari biyar ko dubu a kai, ka sa shi ya zama burinta. In ta saba, ku ƙara.