Dalar Azurfa Ta Cikin Adakar Kakanninmu

Jama'a, da yawa daga cikinmu a Nguru da Gashuwa mun tashi mun ga wata tsabar azurfa a adakar kakanninmu mata, mai hoton wata mace a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma gaggafa mai kai biyu. Wasu na ce mata dala, wasu riyal. Shin ko mun san daga ina ta fito?

Macen nan ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗinta, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji, har da garin Gunzburg da ke Jamus a yau. Saboda haka kada 1780 ta ruɗe mu, ba lallai ne a shekarar aka buga tamu ba. Nauyinta kusan giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa ce zalla.

Fatake ne suka ratso Sahara da ita daga Tarabulus zuwa Barno. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar ana ciniki da ita tare da wuri a kasuwar Kukawa a 1851. Daga baya Turawan mulki suka kawo sulensu, kuma ko da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, iyayenmu suka biyo cinikin gyaɗa da fatu, sule ne ke ci. Dala ta koma kayan adon mata da ajiyar ranar baƙin ciki.

Can a Jamus, a ƙarni na 12 manyan limaman coci masu mulkin birane irin su Kolon da Magdeburg sun buga kuɗin azurfa da sunansu. Har yau akwai masu tara su, kuma da su masana ke gano wa ya yi mulki, da inda fatauci ya bi.

To mu fa? Kullum sai a kai wa maƙeran farfaru su narkar, a yi zobe ko awarwaro. Duk wadda ta shiga wuta, shaida ɗaya ta tafi ke nan.

Shawararmu ita ce, kowane gida ya adana ko da ɗaya, kada a goge ta. A tambayi tsofaffi wa ya kawo ta, daga wane gari, a rubuta a takarda a ajiye tare da ita tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.