Noman lu'ulu'un ruwan daɗi a ƙasar Sin

Noman lu'ulu'un ruwan daɗi sana'a ce ta samar da lu'ulu'u a cikin ƙumba, wato dabbar ruwa mai ɓawo biyu, da ake kiwonta a tafkuna da kududdufai marasa gishiri. Ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan irin wannan lu'ulu'u a duniya, kuma babbar kasuwarsa tana garin Shanxiahu da ke yankin Zhuji a lardin Zhejiang.

Tun ƙarni na 13 mazauna Deqing da ke wannan lardi suke cusa ƙananan siffofin Buddha a cikin ƙumba domin ta lulluɓe su da sinadarinta mai sheƙi. Noman zamani kuwa ya fara bunƙasa ne a tafkin Biwa na Japan, kafin gurɓacewar ruwa ta durƙusar da shi bayan shekarun 1970.

Ma'aikaci yakan ɗan buɗe ɓawon, ya tsaga fatar cikin, ya dasa 'yan gutsattsarin tsokar da aka yanko daga wata ƙumbar. Kowane gutsure yana zama jaka, a cikinta lu'ulu'u ke taruwa sannu a hankali. Ƙumba ɗaya kan ɗauki dashe fiye da 20. Daga nan sai a saka ƙumbar a raga, a rataye cikin ruwa a jikin robobi masu iyo, tsawon shekara 2 zuwa 7.

A shekarun 1990 manoman Sin suka koma kiwon ƙumba nau'in Hyriopsis cumingii, wanda lu'ulu'unsa ya fi na Cristaria plicata, nau'in da suke kiwo a da, santsi da kyan siffa. Launukansa na asali su ne fari, ruwan hoda da shunayya mai haske.