Yadda Ido da Sabo Suke Yi wa Kunne Jagora

A shekarar 1915 kamfanin Thomas Edison ya fara wani salon talla a Amurka. Mawaƙiya za ta tsaya kusa da garmaho tana rera waƙa tare da faifanta, sai a kashe fitilu, ta sulale daga dandamali. Idan aka kunna fitilu, jama'a su tarar ashe garmaho kaɗai suke saurara. An yi irin wannan taro a garuruwa da dama, har da zauren Carnegie na New York a 1920, inda Anna Case ta rera.

A wancan zamani ba a fara naɗar faifai da makirufo ba, kuma duk wanda ya saurari irin faifan a yau zai ji muryar a shaƙe. To, me ya ruɗi dubban mutane? Shekaru da yawa bayan haka Anna Case ta bayyana cewa ita ce ta horar da muryarta ta yi kama da ta na'urar. Masu sauraron kuwa sun shiga zauren da tsammanin ganin abin al'ajabi.

A 1945 masu bincike na gidan rediyon CBS, Chinn da Eisenberg, sun gano cewa yawancin mutane sun fi son sautin da aka datse wa siririyar ƙara, irin wanda suka saba ji a rediyo. Harry Olson na kamfanin RCA bai gamsu ba. A 1947 ya ajiye makaɗa a bayan labule, ya sa wani shinge mai tace sauti tsakaninsu da jama'a, ana buɗe shi ana rufewa. Mafi yawa suka zaɓi cikakken sauti. Olson ya fahimci cewa gurɓacewar da na'urorin lokacin suke haddasawa ce mutane suke gudu.

A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane su auna lasifikoki sau biyu: suna ganinsu, da kuma a ɓoye. Manyan lasifikoki masu tsada sun sami maki mai yawa a idon jama'a, amma da aka ɓoye su tazarar ta ragu ƙwarai. Ƙwararrun masu sauraro ma ba su kuɓuta daga wannan ba.

Saboda haka mai shirin sayen lasifika ko abin sawa a kunne yana da abin koyi a nan. Ya tafi da waƙa ko karatun da ya sani sarai, ya daidaita ƙarfin sautin na'urorin biyu, domin wadda ta ɗan fi ƙara takan yi kamar ta fi daɗi. Sannan ya juya baya, wani ya riƙa sauya masa su ba tare da ya faɗi suna ko farashi ba.