Baturen Zariya da maganin damina

Jiya masu rabon maganin zazzaɓin damina suka shigo gidanmu, autata ta haɗiye nata tana ta kuka. Sai na tuna da wani mutum da da yawanmu ba mu san sunansa ba: Farfesa Brian Greenwood.

Likita ne ɗan Ingila. Ya fara aiki a Ibadan, a 1970 ya dawo asibitin koyarwa na ABU Zariya, ya yi kusan shekara goma yana fama da sanƙarau. A kan majinyatanmu shi da abokan aikinsa suka gwada hanyar gane ƙwayar cutar cikin sauri daga ruwan ƙashin baya. Daga nan ya koma Gambiya, inda tawagarsa ta nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Shi kansa maganin daminar nan, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, yana cikin waɗanda suka yi masa gwagwarmaya.

Yau a jami'o'i ana auna malami ne da yawan takardun da ya buga da kuma sau nawa wasu masana suka ambace su. Ta wannan ma'auni Greenwood ya yi fice sosai, har Japan ta ba shi kyautar Noguchi a 2008.

Abin da ke ci mini rai, jama'a: kullum a ofis takardun kasafi nake juyawa, kuma wallahi layin bincike shi ake fara yankewa. Marasa lafiyar namu ne, cutar tamu ce, amma kuɗin binciken har yau daga waje muke jira.