Kulle bayanai a filash kafin a miƙa shi ga wani

A unguwar Tudun Wada da ke Zariya, musamman a kewayen harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, shagunan buga takardu da ɗaukar kwafi suna daga cikin wuraren da ba sa rabuwa da jama'a.

Zariya ta daɗe da sanin harkar ɗab'i. A nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekara ta 1945, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan Hausa masu yawa.

To amma a wancan zamani, takardar da marubuci ya kai maɗaba'a ita kaɗai ake gani. A yau ɗalibin shari'a da ya miƙa filash domin a buga masa shafi uku, ya miƙa har da duk abin da ke ciki: kundin bincikensa, hoton katin shaidarsa na ɗan ƙasa, takardar banki, hotunan iyali.

Haka abin yake ga akawun lauya da ke ɗauke da takardun shari'ar gado, da malamin da ya ajiye tambayoyin jarrabawa, da ma'aikaciyar asibiti mai jerin sunayen marasa lafiya.

Filash na farko da kamfanin IBM ya fito da shi kasuwa a ƙarshen shekara ta 2000 megabayit 8 kacal yake ɗauka. Na yanzu mai gigabayit 32 ya ninka shi kimanin sau 4,000, ga shi kuma bai wuce girman ɗan yatsa ba, yana iya sulluɓewa daga aljihu a kan acaɓa ba a sani ba.

Kalmar sirri daban, sirrantawa daban

Mutane da dama suna ɗauka da zarar kwamfuta ta nemi kalmar sirri, to bayanai sun tsira. Ba haka ba ne.

Akwai manhajojin da aikinsu kawai shi ne su ɓoye folda, ko su tsaya a bakinta suna tambayar kalmar sirri, alhali bayanan da ke ciki suna nan yadda aka rubuta su. Wannan tamkar ɗaki ne da aka sa wa kwaɗo amma ba shi da rufi. Wanda ya san aiki zai sa filash ɗin a wata kwamfuta ya karanta komai.

Sirrantawa kuwa ita ce a hargitsa bayanan kansu ta hanyar lissafi, su koma tarin alamomi marasa ma'ana, ta yadda babu mai mayar da su yadda suke sai mai mabuɗi. Ta yi kama da zaurance, sai dai shi zaurance mai kaifin kunne kan gano shi idan ya saurara na ɗan lokaci.

Masana a ƙasashen Musulmi sun daɗe da sanin wannan rauni. A ƙarni na 9 a birnin Bagadaza, Abu Yusuf Ya'aƙub al-Kindi ya rubuta risala a kan warware rubutun sirri. Ya nuna cewa idan aka musanya kowane harafi da wata alama, ana iya ƙirga alamar da ta fi maimaituwa, a gwada ta da haruffan da suka fi yawa a harshen, kamar alif da lam a Larabci, har a tono saƙon duka.

Hanyoyin zamani an tsara su ne domin kada su bar irin wannan sawu. Wadda aka fi amfani da ita, watau AES, wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, ne suka ƙirƙiro ta, kuma gwamnatin Amurka ta amince da ita a shekara ta 2001. Har yanzu ba a san wata hanya da ake karya ta a aikace ba. Don haka ɓarayin bayanai ba sa wahalar da kansu a kanta, sai su nufi kalmar sirrin da mutum ya zaɓa.

Darasi daga ƙasashen waje

A watan Oktoban 2007, hukumar tara haraji ta Burtaniya ta aika faya-fayan CD guda biyu zuwa ofishin babban mai binciken kuɗi da ke London, amma ba su isa ba. Suna ɗauke da sunaye da adireshi da bayanan banki na mutane miliyan 25. An sa musu kalmar sirri, sai dai ba a sirranta abin da ke ciki ba. Shugaban hukumar, Paul Gray, ya yi murabus, ministan kuɗi na lokacin Alistair Darling kuma ya nemi gafara a gaban majalisar dokoki.

Shekaru goma bayan haka, wani mutum ya tsinci filash a kan titi a yammacin London, ya buɗe shi a wani ɗakin karatu, sai ga fayiloli sama da 1,000 na filin jirgin saman Heathrow. Wannan ko kalmar sirri ba shi da ita. A shekara ta 2018 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar kamfanin da ke kula da filin jirgin fam dubu 120.

A birnin Amagasaki na ƙasar Japan kuwa, a watan Yunin 2022 wani ma'aikacin ɗan kwangila ya ɓatar da jakarsa bayan ya sha barasa, da filash mai ɗauke da bayanan mazauna birnin kimanin dubu 460. An gano jakar daga baya, kuma abin da ya rage fargaba shi ne bayanan a sirrance suke.

A Najeriya ma batun ya shiga doka. Dokar Kare Bayanai da shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a su ɗauki matakan tsare su, ta kuma ambaci sirrantawa a cikin matakan. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Kulle filash ɗin gaba ɗaya

Hanya mafi sauƙi ga mai amfani da Windows ita ce BitLocker To Go, wadda kamfanin Microsoft ya fito da ita tare da Windows 7 a shekara ta 2009. Ana danna sunan filash ɗin da maɓallin dama na linzami, a kunna BitLocker, a zaɓi kalmar sirri. Daga nan duk abin da aka zuba a ciki a sirrance yake.

Tana da sharuɗɗa. Kwamfuta mai Windows samfurin Home tana iya buɗe filash ɗin da aka riga aka kulle, amma ba ta iya kulle sabo. Sai samfurin Pro ko Education ko Enterprise. Kwamfutocin Apple da wayoyin Android ba sa buɗe shi sai da ƙarin manhaja.

Akwai kuma VeraCrypt, wadda kyauta ce, ta kuma gaji TrueCrypt da masu ita suka dakatar a watan Mayun 2014. Tana iya yin wani akwati mai kulle a cikin filash, a bar sauran wurin a buɗe. Matsalarta a wuri irin Tudun Wada ita ce sai an saka ta a kwamfutar da za a yi aiki, ko a sami izinin mai kula da kwamfutar, kuma ba kowane mai shago ne zai yarda ba.

Duka biyun sun fi dacewa da filash ɗin da mutum ke yawo da shi tsakanin gida da ofis. Da zarar ya buɗe shi a kwamfutar wani, komai ya fito fili.

Kulle fayil ɗai-ɗai

Ga wanda zai ba wani takardu, wannan ta fi amfani.

Manhajar 7-Zip, wadda wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ya fito da ita a shekara ta 1999, tana ɗaure fayiloli wuri guda ta kulle su da AES-256. Ba ta da nauyi, ba a biyan ko kwabo, kuma akwai manhajojin waya irin su ZArchiver da ke buɗe abin da ta kulle.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su a nan. Idan aka zaɓi tsarin zip, manhajar takan ba da zaɓin wata tsohuwar hanya mai suna ZipCrypto, wadda tun shekara ta 1994 masana suka nuna yadda ake karya ta. Ban da haka, tsarin zip ba ya ɓoye sunayen fayilolin. Wanda ya tsinci filash ɗin ba zai karanta takardar ba, amma zai ga an rubuta, alal misali, sakamakon gwajin jini da sunan wance. Sau da yawa sunan kaɗai ya isa ya tona asiri. Tsarin 7z yana da wurin da ake dannawa a ɓoye har sunayen.

Word da Excel, tun daga fitowar Office 2007, suna sirranta takarda da AES idan aka sa mata kalmar buɗewa. Tsofaffin takardu na Office 97 zuwa 2003 kullensu ba shi da ƙarfi. A takardun PDF ma kalmomin sirri iri biyu ne: ta buɗewa, wadda ita ce ta gaskiya, da ta hana bugawa ko kwafa, wadda ake cirewa cikin daƙiƙoƙi.

Zaɓen kalmar

Filash ba kamar na'urar cire kuɗi ta banki ba ne, wadda ke toshe kati idan an yi kuskure sau uku. Wanda ya kwafe fayil mai kulle yana iya sa kwamfuta ta yi ta gwaji dare da rana, babu mai hana shi.

Lamba huɗu hanyoyi 10,000 kawai take da su. Lambar waya, wadda mutane da yawa ke ganin ta yi tsawo, ba ta fi ta da yawa ba: duk lambobin da suka fara da 0803 miliyan 10 ne, kuma sanannun mafarai kaɗan ne a ƙasar. Sunan ɗa ko na gari da shekarar haihuwa su ne abin da ake fara gwadawa.

Abin da ya fi shi ne kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, a jera su. Karin magana ko ayar da kowa ya haddace ba su dace ba, domin irin waɗannan jimloli ne ake tarawa a jerin gwaji. Ya kyautu kuma a guji haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ, saboda allon rubutun kwamfutar da za a buɗe fayil ɗin ba lalle ne yana da su ba.

Kalmar kada ta bi hanya ɗaya da filash ɗin. Idan an ba direban mota filash a tashar Zariya ya kai Kano, sai a kira mai karɓa a waya a faɗa masa kalmar.

Inda kulle ba ya kai wa

A nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa. Takarda ba ta buguwa sai an buɗe ta, kuma da an buɗe ta a kwamfutar shago, ta fita daga hannun mai ita.

Mai shago yakan kwafe ta a kan kwamfutarsa domin aiki ya yi sauri, ba da wata mugun nufi ba, sai ta zauna a nan wata da watanni, duk wanda ya zauna a kujerar yana iya gani. Idan kuma kwamfutar tana da ƙwayar cutar da ke naɗe abin da ake dannawa, to kalmar sirrin ma ta tafi. Saboda haka kalmar da aka taɓa rubutawa a kwamfutar haya bai kamata a sake amfani da ita a wani wuri ba.

Masu tura takarda zuwa wayar mai shago ta WhatsApp ma ba su tsira ba. Tun shekara ta 2016 manhajar take sirranta saƙo a kan hanya, amma idan ya isa, a buɗe yake zaune cikin wayar da ta karɓa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mallakar filash biyu: ɗaya mai kulle wanda ba ya shiga kwamfutar kowa, ɗaya kuma na zuwa shago, wanda ba a sa masa komai sai takardar da za a buga a ranar. Idan an gama, mai takarda ya tsaya a goge ta a gabansa, har daga kwandon sharar kwamfutar.

Gogewar ita ma tana da iyaka. Fayil ɗin da aka goge daga filash yakan zauna a ciki har sai wani ya hau kansa, kuma fomat na gaggawa ba ya taɓa shi. A wani bincike da Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta yi a shekara ta 2019 a kan tsofaffin filash 200 da aka sayo a Burtaniya da Amurka, kimanin kashi biyu cikin uku suna ɗauke da bayanan masu su na farko. Wanda zai ba da aron filash ko ya sayar, sai ya yi masa cikakken fomat, ya cire alamar da ke kan zaɓin gaggawa.

Idan an manta

Sirrantawa ta gaskiya ba ta san mai ita ba. Wanda ya manta kalmar 7-Zip ko VeraCrypt, babu kamfanin da zai kira, babu kuma mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari ko Samaru da zai dawo masa da kundinsa, sai fa idan kalmar mai rauni ce tun farko.

BitLocker tana ba da lambar ceto mai alƙaluma 48 a lokacin da ake kulle filash. Ana iya buga ta a takarda ko a ajiye ta a asusun Microsoft, amma ba a cikin filash ɗin kansa ba.

Wannan ya shafi magada ma. Ɗan kasuwar da ya kulle lissafin basussuka da kwafin takardun filaye, idan ya rasu bai bar kalmar a hannun kowa ba, masu raba gado ba su da hanyar ganin abin da ke ciki. Ana iya rubuta kalmar ko lambar ceton a takarda, a liƙe ta cikin ambulan, a ajiye tare da wasiyya ko a wurin wanda aka amince wa.